Darasi na 14: Yadda Ake Karanta Tsohon Gari

Hoton da ya shigo aji

Wani dare a ajinmu na yaƙi da jahilci a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, bayan isha'i, kowa yana ciro kaye da bik, sai wani dattijo mai sayar da kayan babur ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, kafin mu fara, duba mini wannan." Ya miƙo salula. Ɗansa ne ya turo masa hoton wani gini na dutse mai hasumiya biyar, kowace kamar tohon furen bado, ga ruwa shimfiɗe a gabansa har inuwar ginin ta kwanta a ciki. Salula ta yi ta yawo hannu-hannu. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ke zama a layin baya ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Wannan aikin mutum ne ko na aljannu?" Aka bushe da dariya. Da dariya ta lafa, dattijon ya yi tambayar da ta haifi wannan darasi: "To mu fa, Malam? Sarakunanmu me suka bari?"

Ban amsa masa a daren ba. Na roƙi ya ba ni mako biyu, muka kuma shirya fita da ƴan aji.

Angkor

Ginin da ke cikin hoton sunansa Angkor Wat. Yana ƙasar Kambodiya, can gabashin duniya, tsakanin Tailan da Biyetnam, mutanen ƙasar kuwa ana ce musu Khmer. Sunayen sarakunansu suna da nauyi a baki, saboda haka ku bi su gaɓa-gaɓa. Harafin v da ba mu da shi, ku karanta shi kamar b.

Daularsu ta soma a shekarar 802 da wani sarki Jayavarman na Biyu. Wanda ya gina Angkor Wat shi ne Suryavarman na Biyu, ya hau gado a 1113. Ɗakin bauta ya gina wa abin bautarsa Vishnu, daga baya mabiya Buda suka gaje wurin. Dutsen ginin daga wani tsauni aka sassaƙo shi, tafiyar kusan kilomita 40, ramin ruwan da ya kewaye shi kuwa faɗinsa ya kai mita 190. A jikin bango an sassaƙa sarkin da kansa yana zaune, fadawa a ƙasa, laimomi birjik a kansa. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Maraɗi ba sai an yi masa bayanin wannan hoto ba.

A 1177 maƙwabtansu mutanen Cham suka ci birnin. Jayavarman na Bakwai ya kore su, ya hau gado a 1181, ya shiga gini ba ji ba gani. Shi ya gina birnin Angkor Thom, da ɗakin bautar Bayon mai manyan fuskoki na dutse sama da 200. Ya gina Ta Prohm a 1186 don tunawa da mahaifiyarsa, rubutun da ke wurin ya lissafa masu yi wa ɗakin hidima sama da mutum 12,000. Wani rubutun ya ce ya kafa gidajen magani 102 a faɗin ƙasarsa. Abin da ya ciyar da wannan taro shinkafa ce, ita kuwa ruwa take so, shi ya sa sarakunan suka haƙa tafkuna. Babbansu tsawonsa kilomita 8, faɗinsa kilomita 2. A 1431 mayaƙan Siyam, wato Tailan ta yau, suka ci birnin, sarauta ta koma kudu, daji ya rufe yawancin gine-ginen. A 1992 hukumar UNESCO ta sa Angkor cikin kayan tarihin duniya, yau hoton Angkor Wat ne a tutar Kambodiya.

Ga abin da nake so ku riƙe. Mai ziyara a can yana ganin ɗakunan bauta, amma ba ya ganin gidan sarki. Da katako aka yi fada, ta ruɓe, sai dakalin dutse ya rage. Gidajen talakawa na ciyawa ne, ko alamarsu ba a gani da ido. Littattafansu a ganyen itace aka rubuta, gara da damina suka cinye. Yadda mata suke riƙe da kasuwa, da abin da ake ci, da yadda sarki yake fita, yawancinsa daga bakin baƙo aka samo: wani ɗan tawagar Sin mai suna Zhou Daguan da ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya koma gida ya rubuta abin da ya gani. Dutse ya riƙe sunan sarki da na abin bautarsa. Sauran labarin, mutum ɗaya mai alƙalami ne ya cece shi.

Ginin ƙasa

Mu a nan gulbin Maraɗi ba mu da tsaunin da za a sassaƙa. Ƙasa muke da ita, da ita kakanninmu suka yi gini: a kwaɓa, a mulmula tubali, a shanya, a jera, a rufa da azarar giginya, a shafe da makuba, a kafa indararo. Maginin da ya iya aikinsa yana tayar da soron da za a zauna ciki da rani ba a nemi mafici ba. Sai dai ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son hannu. In aka yi damina uku ba yaɓe, sai ka ga bango ya fara zubar da hawaye, ta huɗu azara ta leƙo, ta goma an shuka gero a wurin. Hasumiyar Gobarau a Katsina da hasumiyar babban masallacin Agadas suna tsaye yau don an riƙa gyara su.

Maraɗi kuwa ko wannan damar ba ta samu ba. Tsohon garin a cikin kwari yake, bakin gulbi, da ganuwarsa da lungunansa. A daminar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya shiga gari, gidajen ƙasa suka narke. Nasara masu mulki a lokacin suka sa aka tashi aka hau tudu, aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya. Fadar da kuke gani yau bayan wannan ƙaura aka gina ta. Unguwarmu ma sunanta ya tona asirinta: ba a ce wa wuri Sabon Gari sai in akwai tsoho.

Wanda ya zo neman bango mai shekara 800 a nan zai koma hannu rabbana. Amma da mutane suka hau tudu sun hau da wani kaya da ruwa ba ya ci, wato sunayen unguwanninsu da sarautunsu. Daga nan za mu fara karatu.

Yadda Katsina ta zo Maraɗi

Ku tambayi kanku: me ya sa sarkin garin nan ake ce masa Sarkin Katsina, alhali Katsina tana ƙetaren iyaka, tafiyar kusan kilomita 90?

A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a ƙasar Gobir. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da ke mulki tun zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, ya watse ya yi arewa. A Dankama aka sake fatattakarsu, sarkinsu Magajin Halidu ya rasu a can. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nemi mafaka a Damagaram. Ku tsaya ku auna wannan hali: sarki ba gari, ba kharaji, ba ganuwa, sai dawakai ƙalilan da mutanen da suka ƙi rabuwa da shi, ya fi shekara goma a haka.

A nan gulbi kuwa manoma da mafarauta ba su ji daɗin sabbin masu mulki ba. Suka yi bore, suka kashe wakilin da aka ajiye musu, suka aika Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 ya sauka a Maraɗi. Bai ce shi Sarkin Maraɗi ba ne, domin a ransa zaman na ɗan lokaci ne, gobe ko jibi za a koma gida. Shi da magadansa suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Shekara 200 ke nan da ɗoriya, ba a koma ba, ba a kuma sauke sunan ba. Dandalin da ke ƙofar fada sunan Ɗan Kasawa yake ɗauke da shi.

Ita kanta kalmar Maraɗi sarauta ce a tsarin Katsina kafin ta zama sunan gari. Manyan masu zaɓen sarki huɗu ne: Ƙaura, shugaban yaƙi, da Galadima, da Ƴandaka, da Durɓi. Yanzu ku tuna da unguwannin da kuke ratsawa kullum a kan kabu-kabu. Ƴandaka unguwa ce a garin nan. Limanci, wurin liman da mutanensa. Maradawa, Ɗan Gulbi, Bagalam, Mokoyo, duk sunaye ne da suka hau tudu tare da masu su. Mai tafiya daga wannan unguwa zuwa waccan yana taka taswirar tsohon gari bai sani ba.

Sarautar Durɓi ta fi sauran nisan asali, ita ce take sa tsigar jikina ta tashi. Kafin Korau, Durɓawa ne suke mulkin Katsina. Kaburburan manyansu suna nan a Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Nijeriya, tuddai ne manya na ƙasa. Masu binciken tarihi sun tona wasu a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashe masu nisa, da kayan ado na zinariya da na hauren giwa. Wasu kaburburan sun haura shekara 600, wato lokacin da aka rufe su, sarakunan Khmer suna zaune a Angkor. Idan ranar salla kuka ji maroƙi ya ambaci Durɓi a ƙofar fada, to kun ji abin da ya yi zamani da waɗancan hasumiyoyi na dutse, yana tafiya da ƙafafunsa, da rawani a kansa.

Bayan Ɗan Kasawa aka yi Rauda, sai Ɗan Mari. Wanda sunansa ya fi tashi shi ne Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki sama da shekara 20 a tsakiyar ƙarni na 19, ya kai hare-hare cikin ƙasashen Katsina da Zamfara har da Kano. Babbar lakwal ɗin sakandare ta garin nan sunansa ta ci. Kada mu ɓoye abin da ke cikin wannan jarunta. Harin da ake yi wa kirari a nan, a wancan gefen gari ne ya ƙone, uwa ce aka raba da ɗanta aka kai kasuwa. Haka su ma suka yi mana. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 zai shiga Katsina, ya tarar da daji ya cinye wuraren da dā garuruwa ne a tsakani, saboda yaƙin. A ƙarshen ƙarnin rikici ya shigo cikin gida, Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da yake naɗa sarki ya tuɓe sarki, har Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama. Ana cikin haka Nasara suka iso, Faransa da Ingila suka ja iyaka tsakanin 1898 da 1906, Katsina ta faɗa wancan gefe, Maraɗi wannan.

Ranar da muka je Tsibiri

Asabar da safe muka kama hanyar Gidan Rumji zuwa Tsibiri, garin Sarkin Gobir, mu goma sha ɗaya. Tafiyar kilomita goma sha wani abu ce, ko goro ba ka gama taunawa ba ka iso. A takardun gwamnati Tibiri ake rubutawa, amma bakin mutane Tsibiri yake faɗa, kalmar da ke nufin tudun da ruwa ya kewaye.

Tun a mota na faɗa musu ladubban wurin, ku ma ku riƙe su. Ba a faɗa wa fada kamar kasuwa. Ana aikawa tun kafin ranar, ana zuwa da ɗan goro, a tuɓe takalmi inda aka ga an tuɓe, a durƙusa a yi gaisuwa, kada a ɗaga salula don hoto sai an nemi izini. Dogarai suka karɓe mu, aka haɗa mu da wani tsohon bafade a inuwar zaure. Yana da zanen Gobirawa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, tsufa ya sa sun nutse cikin fata. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya gyara zama, ya lumshe ido, ya fara jero sarakuna. Ba takarda a hannunsa. Yatsansa kawai yake bugawa a gwiwa, suna ɗaya bugu ɗaya, in ya zo kan wanda ya yi abin faɗa sai ya buɗe ido ya tsaya. Ƴan ajina suna ta fama da bik, wannan ya kama suna biyu, na uku ya tsere masa. Dattijo mai kayan babur ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, a ɗan sassauta mana, hannunmu sabo ne." Tsohon ya yi murmushi ya koma farko.

Gobirawa suna lissafa sarakuna sama da 300, suna kuma cewa daga gabas suka fito. Abin da masana suka fi tabbatarwa shi ne sun zauna a Azbin, daga baya suka gangaro kudu, suka yi babban birni a Birnin Lalle, a ƙasar Dakwaro ta yau. Gobir masarauta ce mai ƙaura: in wuri ya ƙi, sai a ɗauki tambura a yi gaba. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara, ya kafa Alƙalawa. A nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, shi ne ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, Shehu Usmanu yana cikinsu, shi Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a sassauta wa talakawa, a bar shi ya yi wa'azi. Bayan Bawa aka yi Yakuba, da Nafata, da Yunfa. A zamanin Yunfa igiya ta tsinke: hijira zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwato a 1804, faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Yunfa a 1808. Kufan Alƙalawa yana nan kusa da Sabon Birni, a jihar Sakkwato.

Kafin jihadi Gobir da Katsina ba sa ga maciji, sun sha gwabzawa. Rashin gida ne ya haɗa su. A 1836 suka haɗa runduna suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka ci su mummunan ci, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta a filin. Bayan wannan rana ne Gobirawa suka naɗa Mayaƙi, ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi, a zamanin Ɗan Mari. Shi ya sa kuke ganin manyan sarakuna biyu kusa da juna haka, abin da ba kasafai ake samu ba a ƙasar Hausa. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga su duka biyun zuwa matsayin sultan.

Mai ƙosai ce ta yi tambayar da ta fi ta kowa. Ta ce, "Baba, duk maza na ji kana kira. Mu mata fa?" Ya ce, "Ƴata, ai Gobir ba ta zama sai da Inna." Inna mace ce daga gidan sarauta, tana da gidanta da mutanenta, ita ce shugabar mata, a al'adar dā kuma ita ke kan sha'anin bori. Takwararta a Maraɗi ita ce Iya. Sarki kuwa ba shi kaɗai yake yanke magana ba, akwai majalisar da ake kira Taran Gobir. Na ga mai ƙosai ta rubuta kalmar Inna da manyan baƙaƙe, ta ja mata layi biyu.

Kada wani ya karanta wannan darasi ya ɗauka shari'a muke yi tsakanin Shehu da sarakunan Hausa. A ajinmu akwai jikokin wannan gefe da na wancan, sahu ɗaya muke yi a masallaci. Muhammadu Bello ya rubuta labarin jihadi a littafinsa Infaƙul Maisuri, ta bakin waɗanda suka yi nasara. Labarin waɗanda aka kora kuwa yawancinsa a ka aka riƙe shi, a zaure irin wanda muka zauna. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, da zai rubuta littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, bai tsaya ga takardu ba, ya bi tsofaffi gari-gari yana tambaya. Mai son gaskiya kunne biyu yake sa wa.

Jiratawa da bakin gulbi

Asabar ta biyu muka yi kudu, zuwa Jiratawa, kan hanyar Madarunfa. Yau an san garin da noman rani: fili mai faɗi da aka gyara da injinan ban ruwa, ga zogale kore shar da ake lodawa zuwa kasuwanni. Na kai su can ne don su ga dalilin da ya sa korarrun sarakuna biyu suka zaɓi wannan kwari. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shigo Nijar, ya wuce Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Fadamarsa tana ciyar da mutum da doki, kurmin da ke bakinsa a wancan zamani kuwa duhu ne da mahayin da bai san wurin ba ba ya kuskura ya shiga. Sarakunan Khmer haƙa tafki suka yi. Namu gulbi suka samu, shi ya ciyar da su, shi ya ɓoye su, shi ne kuma ya cinye musu gari a 1945.

A gefen wata gona, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, wani matashi mai gyaran salula ya duƙa ya ɗauko tsingaro. Bai kai tafin hannu ba, ja ne mai duhu, bakinsa da kauri, a jikinsa akwai zane kamar sawun igiya da aka murza tun yumɓu yana ɗanye. Ya goge shi da babban yatsa, ya ce, "Malam, wata ce fa ta yi wannan da hannunta." Muka yi shiru. Ba wanda zai faɗi sunanta, amma ta ɗebo yumɓu, ta gina tukunya, ta yi mata ado don ta yi kyau, ta dafa wa wasu abinci a ciki.

Haka ake gane kufai. In ka ga tsingaro ya yi yawa wuri ɗaya, ko ƙasa ta yi toka-toka ta ɗan tashi, ko kukoki tsofaffi sun taru, ko kashin maƙera a warwatse, ko ramukan marina da suka cike, to mutane sun zauna a nan. Doguwar ƙasa da ta miƙe kamar kunya ƙatuwa, wataƙila ganuwa ce ta kwanta. Ina roƙonku abu ɗaya da babbar murya: kada ku tona, kada ku kwashe, kada ku sayar. Abin da aka ɗauke daga inda yake ya zama bebe, ko masani ba zai iya sa shi magana ba. Angkor kanta ɓarayi sun sassare kawunan gumakanta sun sayar a ƙasashen waje, har yau Kambodiya tana bin sawun kayanta. Matashin nan ya ɗauki hoton tsingaron, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata, ya mayar da shi inda ya gan shi.

Gaba kaɗan akwai tafkin Madarunfa, inda al'ada ta ce waliyyai 99 suke kwance a kewayensa. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Mai niyyar zuwa ya tafi da rana, ya kuma tambayi halin hanya kafin ya tashi.

Tambayar tsofaffi

Kakata ta wajen uwa a tsohon gari aka haife ta, da wayonta aka yi ambaliya. Tana iya faɗin gidan wa ke bin gidan wa tun daga ƙofar gari har bakin kasuwa, da rijiyar da ta fi daɗin ruwa, da abin da ta ɗauko a ka daren da suka gudu. Ina lakwal lokacin da take faɗin waɗannan, na iya rubutu sarai, kaye yana cikin jakata. Kullum sai in ce gobe. Ranar da aka kai ta, da ita aka rufe unguwa guda, ba mai sake jera mini gidajen nan. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, shi ya sa nake matsa muku.

In za ku je wurin tsoho, ku je lokacin da ya huta, ku zauna ƙasa da shi. Kada ku ce "ba ni tarihi", wannan tambaya ta yi faɗi, sai ya ba ku abin da kowa ya sani. Ku tambayi ƙaramin abu: "Kaka, a ina kuke ɗebo ruwa?" "Baba, wa ya yi maka zanen nan?" Ƙaramar tambaya ita ke jawo babban labari. Ku tambaye shi ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, in ji ya yi, daga bakin wa. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa: shekarar ambaliya, zamanin sarki wane, shekarar yunwa kaza. Ku rubuta yadda suka faɗa, lamba ta biyo baya. In tsofaffi biyu suka saɓa, kada ku zaɓi wanda ya fi muku daɗi, ku rubuta duka biyun da sunan unguwar kowa.

Da mako biyu suka cika, ban kai ga buɗe baki ba dattijo mai kayan babur ya miƙo mini kayensa. Ya je wurin gwaggonsa a Bagalam. Shafi ɗaya ne, baƙaƙen suna hawa suna gangara, ya goge wani wuri har takarda ta huje. Sunayen kakanninsa biyar ne a jere, a gaban na biyar ya rubuta: maƙeri, ya zo tare da Ɗan Kasawa. Na ce ya tashi ya karanta wa aji da kansa. Ya karanta, muryarsa tana rawa.

Kalmomin darasi

Kufai: wurin da aka taɓa zama aka tashi. Tsingaro: ɓallin fasasshiyar tukunya. Ganuwa: bangon da ya kewaye gari. Makuba: abin shafen bango da ake yi da ɓawon ɗorawa. Tambura: gangunan sarauta. Ku rubuta kowace sau uku, ku sa ta cikin jimla taku.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ziyara a Angkor yake ganin ɗakunan bauta amma ba ya ganin gidan sarki?
2. Don me ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina?
3. Me ya faru a Gawakuke a 1836, wane gari aka kafa bayansa?
4. Daga 1819 zuwa 1945 shekara nawa ne? Daga 1945 zuwa bana fa?
5. A ganinka, labarin da aka riƙe a ka da wanda aka rubuta, wanne ya fi saurin ɓata, ta wace hanya?

Aikin mako

Kowa ya nemi mutumin da ya fi tsufa a gidansu ko a unguwarsu, namiji ko mace. Ka tambaye shi daga ina iyayensa suka zo garin nan, da sana'arsu, da ma'anar sunan unguwar da suka fara sauka. Ka rubuta kwanan wata a saman shafi. Wanda hannunsa bai yi ƙwari ba ya ɗauki muryar a salula bayan ya nemi izini, mu rubuta tare a allo. Ranar Litinin bayan isha'i kowa ya zo da kayensa, ko layi uku ne.